Darasin Rayuwa a Makarantar Kwana ta 'Yan Mata

A sakandaren kwana ta 'yan mata, irin wadda gwamnatocin jihohin Arewa ke riƙe da ita, babu darasi a jadawali mai suna "rayuwa". Abin da ɗaliba ke koya game da jikinta da lafiyarta da zama da mutane a warwatse yake: wani a ajin kimiyya, wani a darasin kula da gida, wani a bakin malamar addini, mafi yawa kuma a ɗakin kwana bayan an kashe fitila. Yarinya kan shigo tana da shekara 11 ko 12, ta fita tana da 17 ko 18. Shekarun balaga ke nan, kuma tana cinye yawancinsu nesa da mahaifiyarta.

A takarda, akwai tsari. Tun 2003 Nijeriya ke da manhajar ilimin zaman iyali da kariya daga cutar ƙanjamau, wadda hukumar tsara manhajoji ta ƙasa, NERDC, ta fitar bayan an sauya mata suna an kuma rage wasu sassa saboda ƙorafin malaman addini da iyaye. Ba darasi ba ne mai zaman kansa. An rarraba shi ne cikin wasu darussan, kuma ba shi da jarrabawa tasa. Malamin da zango ya ƙure masa, shi yake fara tsallakewa. A 2022 ma ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya umarci a cire ilimin jima'i daga manhaja, yana ganin aikin iyaye ne da malaman addini. Wannan ya ƙara wa malamai ɗari-ɗari.

Amma al'ada ba ta jiran manhaja. Ɗalibar aji ɗaya da ta wayi gari ta ga jini a zanin gadonta, sau da yawa ba ta san me ya same ta ba. Takan naɗe zanin ta tura ƙarƙashin katifa, ta ce cikinta ke ciwo, ta ƙi fita taron safe. Metiron ɗin da ta daɗe a aiki ba ta buƙatar bayani. Takan janye ta gefe ta ce, "'Yata, ba ciwo ba ne, girma ne ya zo," ta nuna mata yadda ake sa audugar mata ko ƙunzugu, sau nawa ake canzawa, da dalilin da ya sa dole a shanya ƙyalle a rana ya bushe sarai, kada a ɓoye shi da danshi cikin akwati. Inda famfo ba ya kawo ruwa, ko banɗaki ba shi da ƙofa, wannan koyarwa takan tashi a banza.

Masu cewa irin wannan ilimi baƙo ne sun manta da abin da ke hannunsu. Ahalari da Ishmawi da Risala, littattafan da ake biyawa a zaure da Islamiyya tun kaka da kakanni, sun yi maganar haila da janaba da wankan tsarki ba tare da noƙe-noƙe ba. Malamar da ta fara daga nan, sannan ta gangaro kan kimiyyar abin, ba ta cika samun tirjiya ba ko a taron iyaye da malamai. Wadda ta shigo da hotuna da kalmomin da ba a saba furtawa ba kuwa, kunya kan rufe bakin aji gaba ɗaya.

Saboda kunyar nan ne wasu malaman ba da shawara ke ajiye kwali mai tsaga a ƙofar ofis, ɗaliba ta jefa tambayarta ba suna. Tambayoyin su ke nuna ainihin abin da ke damun yara: kwanan watan al'ada da ya rikice, ƙaiƙayi, saurayin da ke neman hoto ta waya a lokacin hutu, malamin da ke yawan kira ofis shi kaɗai, auren da ake shiryawa a gida ba a tambaye ta ba. Wajen amsa su ne ake koya wa ɗaliba cewa tana da ikon cewa a'a, da wanda za ta kai wa ƙara. Shirin AGILE na tallafa wa ilimin 'yan mata, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 don jihohi bakwai, ciki har da Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno, ya gina wani sashensa a kan irin wannan zama na ƙananan rukuni da malama mai jagora.

Akwai kuma batutuwan da ba sa jawo gardama, amma nauyinsu babba ne. Ɗaliba na buƙatar ta san rukunin jininta na gado, wato genotype, tun kafin soyayya ta yi nisa, ta gane cewa idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila. Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Rigakafin HPV, mai kare mata daga sankarar bakin mahaifa, ya shiga jerin alluran ƙasa a Oktoban 2023 don 'yan shekara 9 zuwa 14. Ana kuma ja musu kunne kan tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta haramta a 2018.

Raunin tsarin shi ne ya dogara da mutum ɗaya ko biyu. Makaranta mai ɗaruruwan ɗalibai kan kasance da malamar shawara guda, ita ma da nata azuzuwan da take koyarwa. Idan aka yi mata canjin wurin aiki, tambayoyin sai su koma hannun siniyoyi, waɗanda su ma ji suka yi a bakin wasu. Ya kamata ma'aikatun ilimi na jihohi su horar da malamai mata da metiron musamman don wannan aiki, su ware masa lokaci a jadawali, su kuma gyara ruwa da banɗaki.