Nutsewar Birkin Mota: Dalilai da Hanyar Gyara

Birkin mota da mai yake aiki. Idan direba ya taka feda, wata na'ura da kanikawa ke kira masta takan tura man birki ta cikin bututu zuwa ƙafafun mota huɗu. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa fedar kan yi tauri. Idan kuwa ta nutse har ƙasa, to ƙarfin ya sami mafita, kuma wannan babban haɗari ne a hanya mai cunkoso irin ta Samaru zuwa Sabon Gari ta Kwangila.

Gwanin bakanike yakan fara da duba robar man. In ya ragu, mai yiwuwa akwai yoyo, sai a bi bututun da bayan tayoyi a nemo jiƙa. In feda ta yi laushi amma ta taurara bayan an taka ta sau uku ko huɗu, iska ce ta shiga. Mutum biyu ke fitar da ita: ɗaya na takawa, ɗaya na sassauta ƙaramin noti a kowace ƙafa har kumfa ya ƙare.

Mafi ruɗarwa shi ne mai bai ragu ba, babu yoyo, amma feda na sulalewa a hankali idan an riƙe ta. A nan robobin cikin masta ne suka cinye, mai na komawa baya. Ƙarin mai ba ya magance wannan, sai an sauya robobin ko mastar gaba ɗaya. Zuba man inji a madadin DOT 3 ko DOT 4 kuwa kumbura robobin yake yi.