Koton roba na kama kifi: me ya sa idanunsa suke ɓallewa, kuma yaya ake kafa su

A Amurka da Faransa, masu kama kifi da fatsa da yawa sun daina tonon tana ko yankan ƙananan kifaye don yin koto. Suna amfani da koton ƙarya na roba mai laushi, wanda aka zuba da siffar ɗan kifi, tana ko kwaɗo. Wasu suna saye a kanti, wasu kuma suna zuba nasu a gida. A wajen masu zubawa a gida, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi ba da wahala shi ne idon koton, wanda faɗinsa bai kai ƙwayar wake ba. Sai mutum ya liƙa shi da kyau, ya jefa fatsa sau biyu ko uku, ya jawo ya tarar ido ya tafi.

Wannan sana'a ta samo asali ne daga birnin Akron na jihar Ohio, inda wani ma'aikaci mai suna Nick Creme da matarsa suka zuba tanar roba a ɗakin girkinsu a 1949. Daga baya kamfaninsu ya koma garin Tyler na jihar Texas, inda masu kama kifi a tabkuna suka karɓi abin hannu biyu. Tana ba ta buƙatar ido. Maganar ido ta taso ne lokacin da aka fara zuba koto mai kama da ɗan kifi sak, da ɓawo da wutsiya mai kaɗawa.

Robar da ke gumi

Dalilin ɓallewar idon yana cikin robar kanta. Abin da ake zubawa sunansa plastisol: garin PVC ne, wato irin robar da ake bututun ruwa da ita, an dama shi cikin wani mai da ke sa ta laushi. Yana zuwa a ruwa-ruwa, fari kamar madara. Idan aka ɗora shi a wuta ya kai wajen digiri 175 zuwa 180, sai ya yi kauri, sannan ya koma garai-garai kamar zuma. A nan ake sa masa launi da ƙyalƙyali, a zuba cikin mazubi, wato abin da aka sassaƙa siffar kifin a cikinsa, na alminiyom ko silikon ko filasta. Yana hucewa ya zama koto.

To amma man nan bai haɗe da robar ya zauna ba. Yana tsakankanin ƙwayoyinta ne kawai, kuma a hankali yana tsattsafowa waje. Shi ya sa koton roba kullum yake da santsi a hannu, kamar an shafa masa man gyaɗa. Idanun da ake sayarwa, daga masu faɗin milimita 3 zuwa 10, galibi suna zuwa da ɗan gam a bayansu kamar tambarin da ake mannawa a kwalba. Wannan gam an yi shi ne don busasshen wuri mai tauri. A kan robar da ke gumin mai, kwana kaɗan ya isa ya narke ya zama yauƙi. Ga kuma lanƙwasa: koto yana motsi duk lokacin da aka ja shi, ido kuwa ba ya lanƙwasawa, sai gefensa ya ɗaga, ruwa ya shiga ƙarƙashi.

Man yana da wata ɓarna kuma. Yana cin wasu robobi masu tauri, musamman irin da ake kira polistiren. Wanda ya ɗauko idon ƴar tsana ya manna, zai iya tarar da shi ya yi laushi ya damalmale bayan ƴan makonni. Saboda wannan ne ma akwatunan ajiye koto na yanzu ake yin su da wata roba dabam wadda man ba ya ci.

Gam, sannan rufi

Matakin farko shi ne haƙuri. Koton da aka ciro daga mazubi ana barinsa ya kwana, ya gama daskarewa. Kada a shafa masa man ƙamshi ko gishiri, waɗanda wasu ke sawa don jawo kifi, sai an gama da ido. Daga nan a goge wurin da alkol na farmasi, a bari ya bushe.

Gam ɗin da aka fi amfani da shi shi ne mai kamawa nan take, wanda aka sani da Super Glue, ana kuma samunsa a ƙananan tube a kowace kasuwa. Mai kauri ya fi mai ruwa, domin mai ruwa yana gangarewa ya ƙandare robar da ke kewaye. Ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace ya isa. Wannan gam damshin iska ne ke sa shi kamawa, kuma idan ya yi yawa tururinsa yana barin wani farin hazo a kan ido, ya dusashe ƙyallin da aka sha wahala dominsa. A ɗora idon da hantsaki, a danna na ɗan lokaci, a juya ɗaya gefen, a tabbata idanun biyu suna daidai da juna.

Mai mazubin da aka yi masa ɗan rami a gurbin ido ya ci riba, domin ido yana shiga ciki, gefensa ba ya fuskantar ruwa da duwatsu. Wanda mazubinsa ba shi da rami yana iya ɗumama kan ƙusa mai faɗi ya ɗan danna wurin, ba da ƙarfi ba.

Sai dai gam kaɗai ba ya daɗewa. Abin da ƙwararrun masu zubi suka fi yarda da shi shi ne a binne idon a ƙarƙashin robar kanta. Bayan gam ya kama, ana narka plastisol marar launi, a riƙe koton ta wutsiya, a tsoma kansa ciki a ciro da sauri, a rataye shi kai ƙasa har rarar ta ɗige. Sabuwar robar mai zafi tana narka fatar tsohuwar kaɗan, su zama abu guda, ido ya kasance a rufe kamar hoto a bayan gilashi. A nan aikin gam bai wuce riƙe idon na ɗan lokacin tsomawa ba. Rufin yana ƙara wa ido zurfi da sheƙi, abin da masu sayarwa suke so ƙwarai.

Wurin da ake kuskure shi ne zafi da jinkiri. Idan robar ta cika zafi ko aka daɗe a ciki, idon leda mai sheƙi yana naɗewa, ko kan koton ya narke ya canza siffa. Idan kuma ta huce da yawa, rufin yana yin kauri, ya bar ƙullutu a hanci. Masu yin abin sukan gwada da lalataccen koto tukuna.

Akwai hanyar da ta kauce wa matsalar gaba ɗaya. Sau da yawa ana soka koton roba ne a ƙugiya mai dunƙulen dalma a kai, wadda ke ba shi nauyin nutsewa. Dalma ba ta gumin mai. Sai a manna idon a kanta, a rufe da gam mai haɗi biyu da ake kira epoksi. Kifi ya yaga robar, a sa wata, ido yana nan. Ga wanda ba sayarwa zai yi ba, wannan ita ce hanya mafi sauƙi da araha. Zana ido da alƙalamin da ba ya gogewa kuwa yana yi na yini ɗaya ko biyu, daga nan man robar ya ja tawadar ta bazu.

Kifin yana duba ido kuwa?

A nan ra'ayi ya rabu. Masu goyon bayan ido suna cewa kifi mai farauta yana auna kan abin da zai kama, kuma ido ne ke nuna masa inda kai yake. Suna kafa hujja da kifayen da ke da baƙin ɗigo mai kama da ido kusa da wutsiya, wanda masana ke ganin yana ruɗa maharbi ya kai hari inda ba kai ba. Idan haka ne, ido kusa da ƙugiya yana da amfani. Masu shakka kuma suna nuna cewa tanar roba da koto mai lanƙwasasshiyar wutsiya, waɗanda ba su da ido ko ɗaya, sun kama kifi ba adadi shekaru da dama. Akwai masu ba'a cewa ido mai saye yake kamawa kafin ya kama kifi, kuma ba su rasa gaskiya ba.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne rawar da ruwan yake takawa. A ruwa mai haske, inda kifi ke bin koto a hankali yana dubawa, ƙananan abubuwa irin ido suna iya yin tasiri. A ruwa mai laka, kifi ya fi dogara da jin motsi, ta wani layi da ke gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya.

Wannan ya shafi duk wanda zai gwada irin wannan koto a Nijar. Kogin Isa a Yamai yana yin ja wur da damina, a watannin Agusta da Satumba, lokacin da rafukan Gorouol, Dargol da Sirba suke kwararo masa laka. A wannan lokaci kaɗawar wutsiyar koto da launinsa sun fi ido muhimmanci nesa ba kusa ba. Ruwan da ke isowa daga Gini a Disamba da Janairu ya fi haske, kuma a nan ne giwan ruwa, wanda da ido yake farautar ƙananan kifaye, zai fi lura da siffa. Tarwaɗa, wadda ta cika tabkuna irin na Madarunfa da Tabalak, da gashin bakinta take neman abinci, ƙamshi da ɗanɗano ne suka dame ta. Tsage kuwa haƙoransa suna raba roba biyu a cizo ɗaya, da ido da komai, shi ya sa masu nemansa suka fi son koton ƙarfe.

Zafin ƙasar ma abin lura ne. A Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, akwatin da aka bari a rana ko cikin mota yana sa robar ta ƙara fitar da mai, idon da gam kaɗai ya riƙe ya zame tun kafin a kai bakin ruwa.

Hatsarin da ke cikin aikin

Plastisol mai zafi ya fi tafasasshen ruwa zafi sosai, kuma yana manne wa fata. Ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa ciki, sai ya yi tsartuwa ya fantsama a fuska. Idan ya ƙone ya fara yin rawaya yana hayaƙi, iskar da yake fitarwa tana ƙona hanci da huhu. Ana yin aikin a fili ko inda iska ke ratsawa, da safar hannu da tabarau, nesa da yara, kuma tukunyar da aka narka shi ba ta komawa wajen girki. Ledar kasuwa da guntun bututu ba sa maye gurbinsa, ƙonewa kawai za su yi. Tsohon koton plastisol dai ana iya yayyanka shi a sake narkawa, bayan an cire idanu da ƙugiya an kuma busar da shi sarai.

Sai abin da ya rage a ruwa. Idon da ya ɓalle da koton da ya tsinke ba sa ruɓewa, kuma kifi yana haɗiye su. An ga cewa koton roba yana kumbura a cikin kifi ya daɗe bai fita ba, abin da ya sa a 2013 aka kai wa majalisar jihar Maine ta Amurka shawarar hana amfani da shi, ko da yake ba ta zama doka ba. A tabkin da ruwansa ke janyewa da rani, wanda kuma daga cikinsa ake kai kifi kasuwa, yagaggen koto gara ya koma aljihun mai fatsa, a kai gida a sake narka shi.