Beth Hart: Magani Ne Ya Ceto Muryarta

Akwai wata tsohuwar magana da ke yawo tsakanin masoya waƙa, wai sai wanda ransa ke ƙuna ne zai iya rera abin da zai ratsa zukata, har wasu na ɗaukar taɓin ƙwaƙwalwa a matsayin kuɗin da mai baiwa ke biya kafin fasaharsa ta nuna. An fi jingina wannan magana ga kiɗan bulus, wanda baƙar fatar kudancin ƙasar Amurka suka ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, cikin talauci da wariyar launin fata. Duk wanda ya bi rayuwar mawaƙiya Beth Hart daki-daki zai ga maganar ba ta da tushe, domin ciwo ya kusa binne ta da ranta, kuma sai da ta rungumi magani sannan tauraruwarta ta haska sosai.

An haife ta a birnin Los Anjalis a 1972, ta fara taɓa fiyano tana shekara huɗu. A 1993 ta lashe gasar Star Search ta talabijin, kamfanin Atlantic ya ɗauke ta, ta fitar da faifan Immortal a 1996. A 1999 waƙarta LA Song ta kai sunanta har ƙasashen waje. A daidai lokacin da ƙofa ta buɗe mata ne giya da ƙwayoyi suka ci ƙarfinta, ta rame, aiki ya gagara, kamfanin ya raba gari da ita. Abin da ke ƙarƙashin shaye-shayen shi ne cutar da likitoci ke kira baifola. Mai ita yakan yi kwanaki ba barci, baki bai tsayawa, yana ɓarnar kuɗi yana jin duniya a tafin hannunsa take, daga nan kuma ya faɗa baƙin cikin da ko tashi daga gado ya yi wanka sai ya gagare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane kusan miliyan 40 ne ke fama da ita.

Sai mu duba abin da ya biyo baya. Bayan ta auri Scott Guetzkow, wanda ya tsaya mata tsayin daka, ta shiga jinyar barin shaye-shaye, ta kuma koma hannun likitocin ƙwaƙwalwa. A 2011 ta haɗa gwiwa da makaɗin gita Joe Bonamassa suka fitar da faifan Don't Explain. A Disambar 2012 ta rera waƙa tare da makaɗin gita Jeff Beck a bikin karrama mawaƙin bulus Buddy Guy a Cibiyar Kennedy, Shugaba Obama na zaune yana kallo. Faifan Seesaw da suka yi da Bonamassa a 2013 ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Grammy, a 2018 kuma ta hau dandalin Royal Albert Hall a Landan. Duk waɗannan nasarori sun zo ne a shekarun da take karɓar kulawa.

Mai musu zai ce ai daga ciwon take ɗebo waƙoƙinta, tunda har faifanta na 2019 ta raɗa masa War in My Mind, wato yaƙin da ke cikin kanta. Gaskiya ne ciwon ya ba ta abin faɗa, amma tsara waƙa, da maimaita ta da makaɗa, da cika alkawarin wasa gari bayan gari, aiki ne na mai natsuwa. Mawaƙiya Janis Joplin, wadda Hart ta taɓa fitowa a matsayinta a wasan daɓe, ta mutu a 1970 tana shekara 27 sanadin heroyin. Duk waƙar da za ta yi a sauran rayuwarta ta bi ta kabari.

Wani kuma zai ce yawan maganarta a kan ciwonta, a hirarraki da kan dandali, tallar faifai ce kawai, kuma mai kuɗi a Amurka ba ta san halin talaka ba. To, kasuwa ba ta son a ji cewa mawaƙi na iya durƙushewa a tsakiyar zagayen wasa, don haka wadda ta furta hakan da bakinta ta saka sana'arta a haɗari. Ba ta kuma taɓa cewa ta warke sarai ba. Abin da take nanatawa shi ne ciwon na nan, ana lallaɓa shi kamar hawan jini. Batun kuɗi yana da ƙamshin gaskiya, sai dai litiyom, maganin da likita John Cade ya gano amfaninsa ga masu wannan cuta a Ostireliya a 1949, tsohon magani ne marar tsada. Sau da yawa kunya da tsoron bakin mutane sun fi tsadar magani hana jinya.

Wannan darasi ya shafe mu. A Najeriya, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, kuma akwai asibitocin tarayya na masu wannan lalura a Kaduna da Maiduguri da Kware. In ka ga ɗan'uwanka ya kwana uku idonsa biyu yana surutu ba kai ba gindi, ko ya kulle kansa a ɗaki makonni, kada a ɗaure shi, kada a yi masa dariya. A yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita tun da wuri.