Takaddamar Jinsi a Kamfanonin Fasaha na Amurka: Musabbabi da Sakamako

Tsakanin 2013 da 2025 manyan kamfanonin fasaha na Amurka sun zama fagen wata doguwar takaddama a kan jinsi. Batutuwa biyu ne suka cakuɗe a cikinta. Na farko shi ne ƙarancin mata a aikin rubuta manhajar kwamfuta da irin cin fuskar da suke gamuwa da ita a ofis. Na biyu, wanda ya fi zafi daga baya, shi ne matsayin masu sauya jinsi, wato mutanen da ke cewa jinsin da suke ji a ransu ya saɓa wa wanda aka rubuta musu ranar haihuwa. Rikicin yakan bi hanya ɗaya: a faɗi magana a cikin kamfani, wani ya fitar da ita intanet, jama'a su yi caa a kanta, sannan shugabanni su yanke hukunci cikin gaggawa. Idan aka jera abubuwan da suka faru, za a ga cewa ba kasafai ƙarfin hujja ke yanke hukuncin ba. Abin da ya fi yin tasiri shi ne wanda kamfani ke tsoron ɓata wa rai a lokacin, ma'aikata ne ko masu hannun jari ko gwamnati.

Alamun farko sun bayyana a watan Maris na 2013, a wani taron masu rubuta manhaja a Santa Clara ta jihar Kalifoniya. Wata ma'aikaciya ta ji maza biyu a bayanta suna barkwancin batsa, ta ɗauki hotonsu ta sa a Twitter. Kamfanin ɗaya daga cikin mazan ya sallame shi. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi wa matar ruwan zagi da barazana, aka kai wa shafin kamfaninta farmaki ta intanet, ita ma aka kore ta. Shekara guda bayan nan, Mozilla, mai manhajar Firefox, ta naɗa Brendan Eich shugaba. Eich ne ya ƙirƙiro yaren kwamfuta na JavaScript, kuma da shi aka kafa Mozilla. Sai aka tono cewa a 2008 ya ba da gudummawar dala 1,000 ga masu fafutukar hana auren jinsi a Kalifoniya. Wasu ma'aikata suka nemi ya sauka, wani shafin haɗa masoya mai suna OkCupid ya roƙi masu amfani da shi su bar Firefox, kuma bai cika mako biyu a kujerar ba ya yi murabus.

Rikicin da ya fi nuna yadda abin ke aiki shi ne na James Damore, injiniya a Google. A 2017 ya rubuta takarda mai shafi goma yana cewa wani ɓangare na ƙarancin mata a aikin fasaha ya samo asali ne daga bambancin halitta tsakanin maza da mata, ba daga wariya kaɗai ba, yana kuma zargin kamfanin da toshe bakin masu ra'ayin riƙau. A lokacin, alƙaluman Google da kansa sun nuna cewa mata kashi 20 ne cikin ɗari na masu aikin fasaha a kamfanin. Takardar ta yi makonni tana yawo a cikin gida ba tare da an ji duriyarta a waje ba. A farkon Agusta ta faɗa hannun 'yan jarida, ranar 7 ga watan kuma aka kori Damore. Shugaban kamfanin, Sundar Pichai, ya ce wasu sassan takardar sun saɓa wa ƙa'idojin aiki domin suna yaɗa mummunan zato game da mata. Ya kira taron dukkan ma'aikata don a tattauna, amma aka soke taron daf da farawa, saboda an fara wallafa sunaye da hotunan ma'aikatan da suka soki Damore a wasu shafuka na waje, suna kuma samun barazana. A mako guda, marubucin ya rasa aikinsa, masu sukarsa sun shiga fargaba, tattaunawar da kowa ke cewa ana bukata kuwa ba a yi ta ba.

Ita kanta hujjar Damore tana da rauni a inda ta fi dogara. A 1984 mata ne suka karɓi kusan kashi 37 cikin ɗari na digirin kimiyyar kwamfuta a Amurka, sannan adadin ya faɗi zuwa kimanin kashi 18 bayan shekara ashirin da wani abu. Halittar mace ba ta canja a wannan ɗan tsakani ba, don haka dole a nemi bayanin a tarbiyya da makaranta da yanayin wurin aiki. Sai dai amsa irin wannan ba ta samu wuri ba, domin kora ta riga ta zama labarin.

Musabbabi na farko na wannan yanayi yana cikin al'adar kamfanonin kansu. Tun farkon shekarun 2000 suke jawo matasan injiniyoyi da alƙawarin cewa aikinsu gyara duniya ne, kuma ofis gida ne da mutum zai zo da duk abin da ke ransa. A wancan lokacin Google na da taron mako-mako inda ƙaramin ma'aikaci zai tashi ya yi wa masu kamfanin tambaya kai tsaye. Wanda aka gaya wa cewa ra'ayinsa na da daraja a ofis zai kawo ra'ayinsa na siyasa da na addini, kuma ba zai ga dalilin da zai sa ya yi shiru ba idan kamfani ya yi abin da yake ganin zalunci ne.

Na biyu shi ne kayan sadarwar cikin gida. Manhajoji irin su Slack da zaurukan tattaunawa na ma'aikata sun mayar da hirar da a da ake yi a bakin teburin shayi ta zama rubutu mai ɗorewa, wanda dubban mutane ke gani, wanda kuma kowa zai iya ɗaukar hotonsa da waya. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa, to bare wadda aka rubuta. Hoton jimla ɗaya, ba tare da abin da ya gabace ta ko ya biyo bayanta ba, ya isa ya tara wa mutum maƙiya a faɗin duniya. Kafafen sada zumunta kuma an gina su ne su ɗaga abin da ya fi tayar da hankali, don haka ɓangarorin biyu suka gane cewa hanya mafi sauri ta cin nasara a gardamar ofis ita ce a kai ta waje.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne kasuwar aiki. A shekarun 2010 kuɗin ruwa a Amurka ya yi ƙasa sosai, jari yana kwarara cikin kamfanonin fasaha, ƙwararrun injiniyoyi kuma sun yi ƙaranci. Wanda ya bar Google yau zai samu aiki a wani wuri cikin mako. Ƙarfin da wannan ya ba ma'aikata ya fito fili ranar 1 ga Nuwamba 2018, lokacin da fiye da ma'aikatan Google 20,000 suka fice daga ofisoshinsu a ƙasashe daban-daban, bayan jaridar New York Times ta ruwaito cewa an sallami Andy Rubin, jagoran manhajar Android, da dala miliyan 90 duk da zargin lalata da wata ma'aikaciya ta yi masa, zargin da ya musanta. Cikin kwanaki kamfanin ya janye sharaɗin da ke tilasta wa masu ƙorafin cin zarafi su sasanta a asirce maimakon zuwa kotu. Wannan gyara ne na gaske, kuma da wuya a same shi ba tare da matsin lamba ba.

Batun masu sauya jinsi ya fi wuyar sasantawa, domin saɓanin ya kai har ga ma'anar namiji da mace. Binciken cibiyar Pew na 2022 ya nuna cewa kashi 60 cikin ɗari na Amurkawa suna ganin jinsin mutum shi ne wanda aka haife shi da shi, amma kashi 64 suna goyon bayan a kare masu sauya jinsi daga wariya a wurin aiki da gidan haya. Wato mutane da yawa ba su yarda da fahimtar ba, amma ba sa so a zalunci masu ita. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da wannan kariya a Yunin 2020, a shari'ar Bostock, inda ta ce korar mutum saboda ya sauya jinsi ko saboda yana neman jinsi ɗaya ta saɓa wa dokar 'yancin jama'a ta 1964. Hukuncin bai warware ƙananan tambayoyin yau da kullum ba, kuma a nan ake samun saɓani: ko dole ne abokin aiki ya ce "ita" ga wanda ya sani a matsayin "shi", wane bayan gida za a shiga, da kuma ko faɗin ra'ayin addini a zauren ma'aikata cin zarafi ne.

Ga kamfanonin fasaha matsalar ta ninka, domin su ne ke rubuta dokar abin da biliyoyin mutane za su iya faɗa ko kallo. A 2018 Twitter ta haramta kiran mai sauya jinsi da tsohon sunansa ko tsohon jinsinsa da gangan. A Oktoban 2021 Netflix ta fitar da wasan barkwancin Dave Chappelle mai suna The Closer, wanda ma'aikata masu sauya jinsi da magoya bayansu suka ce yana tunzura ƙiyayya a kansu. Suka yi zanga-zanga ranar 20 ga watan. Wannan karon shugabanni ba su ja da baya ba: ba a cire wasan ba, an kori ma'aikaci ɗaya bisa zargin fitar da bayanan sirri, kuma a 2022 kamfanin ya rubuta cikin ƙa'idojinsa cewa wanda ba zai iya aiki a kan shirin da bai yarda da shi ba, ƙila Netflix ba wurinsa ba ne.

Juyin ya riga ya fara tun kafin nan. A Satumban 2020 shugaban kamfanin Coinbase, Brian Armstrong, ya hana muhawarar siyasa a wurin aiki, ya kuma yi tayin kuɗin sallama ga duk wanda bai gamsu ba, kimanin mutum 60 suka karɓa. Kamfanin Basecamp ya bi sahu a Afrilun 2021, ya rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatansa. A lokacin ana ganin waɗannan a matsayin 'yan bambarakwai. Abin da ya mayar da matsayinsu na kowa shi ne kuɗi. Daga Maris 2022 babban bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa har ya haura kashi 5 cikin ɗari, jari ya janye, aka fara sallamar ma'aikata: Meta, mai Facebook da Instagram, ta rage 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairun 2023. Ma'aikacin da ke ganin ana kwashe teburan maƙwabtansa ba ya shirya zanga-zanga. Elon Musk, wanda ya sayi Twitter kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022, ya sallami kusan rabin ma'aikata a makonnin farko, a Afrilun 2023 kuma aka cire dokar 2018 daga ƙa'idojin shafin. Da wasu ma'aikatan Google suka yi zaman dirshan a ofis a Afrilun 2024 kan kwangilar kamfanin da gwamnatin Isra'ila, nan take aka kori 28, Pichai ya tunatar da sauran cewa nan wurin kasuwanci ne.

Siyasa ta ƙarasa abin da kasuwa ta fara. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta soke fifikon launin fata wajen shiga jami'a, lauyoyin kamfanoni suka fara jin tsoron ƙararraki a kan shirye-shiryen daidaita ɗaukar ma'aikata. A Janairun 2025, daf da rantsar da Donald Trump, Meta ta rufe irin waɗannan shirye-shirye, ta kuma sassauta dokokinta kan abin da za a iya faɗa game da jinsi da baƙin haure. Ranar 20 ga watan Trump ya sa hannu a umarnin da ke cewa gwamnatin tarayya jinsi biyu kawai ta sani. A Fabrairu Google ya janye burinsa na ƙara yawan waɗanda ba su da wakilci sosai a cikin ma'aikata. Ba kowa ne ya bi ba: a wannan Fabrairun masu hannun jarin Apple suka ƙi amincewa da ƙudurin soke nasu shirin.

Sakamakon waɗannan shekaru a gauraye yake. An samu ci gaba wajen sauraron ƙorafin cin zarafin mata, kuma kariyar Bostock tana nan a doka. Amma yawan mata a aikin fasaha ya ƙaru ne a hankali, bai kai girman hayaniyar da aka yi ba. Asarar da ta fi muni ita ce ta amana. Mai ra'ayin riƙau ya koyi a 2017 cewa rubutu ɗaya zai iya raba shi da abincinsa, mai sauya jinsi kuma ya koyi a 2025 cewa goyon bayan da aka nuna masa zai iya gushewa da sauyin gwamnati. Doka ba ta ba kowannensu mafaka sosai ba, domin 'yancin magana da ke cikin tsarin mulkin Amurka gwamnati yake ɗaurewa, ba kamfani mai zaman kansa ba, kuma a kusan dukkan jihohi ana iya sallamar ma'aikaci ba tare da an faɗi dalili ba muddin ba wariyar da doka ta hana ba ce. Damore ya gwada: wata lauyar hukumar kula da hulɗar ƙwadago ta ba da shawarar cewa korarsa ba ta saɓa doka ba, ƙarar da ya shigar a 2018 kuma ya janye ta a 2020.

Tasirin bai tsaya a Amurka ba. Ƙa'idojin Facebook da Instagram da X (tsohuwar Twitter) iri ɗaya ne ga mai rubutu daga Kano ko Yamai ko Kumasi, don haka duk lokacin da aka tsaurara ko aka sassauta su saboda rikicin cikin gida na Amurka, abin da za a goge da abin da za a bari a shafin Bahaushe ma yana canjawa. Al'ummomin da dokokinsu da addininsu ke kallon batun jinsi ta wata fuska dabam ba su da kujera a inda ake yanke waɗannan shawarwari, ba a tuntuɓe su ba lokacin da aka tsaurara a 2018, ba a kuma tuntuɓe su ba lokacin da aka sassauta a 2023 da 2025.