MAI ZANEN LABULE: AIKIN GAYYA DA YA DACE DA BAKIN IYAKA

Idan an gama girbi aka kai hatsi rumbu, ƙungiyoyinmu na gama kai sukan shirya wasan kwaikwayo domin su faɗakar da jama'a. Masu son fitowa a dandali suna da yawa. Wanda ba a cika samu ba shi ne mai zanen labulen da a kan rataya bayan 'yan wasa. A nan ƙasar Bagudo kuwa, mun ga aikinsa bai gaza na mai magana ba. Ga dalili.

Abin da ya sa zane yake da amfani a nan

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991. Kogin Kwara ya ratsa ta, ta kuma yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Wanda ya ci kasuwar Lolo ko ta Tsamiya ya san harshe ba ɗaya ba ne. Akwai Hausa, da Dandanci, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Busanci. 'Yan'uwanmu na hayin iyaka, wajen Segbana, karatunsu na boko da Faransanci ne. Ko da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, zumunci da auratayya ba su yanke ba.

To, idan ɗan wasa ya yi magana da Hausa, wani zai ji, wani ba zai ji duka ba. Takardar da muka raba, da yawa ba su iya karanta ta. Amma zanen kogi, da gonar shinkafa, da rumbu, kowa ya gani ya gane. Tsohuwar da ke zaune can baya, wadda murya ba ta kai gare ta ba, idonta yana kaiwa.

Wasan manoma ba sabon abu ba ne

Tun da daɗewa Hausawa suna da tashe, da wasan gauta, da kalankuwa, inda a kan faɗa wa mutum gaskiya cikin dariya. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya yi magana a kan tsabta. A 1977 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka kai Wasan Manoma garin Soba, lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo. A 1979 suka yi Wasan Maska, daga baya suka yi aiki da mutanen Bomo. Abin da suka koya shi ne, wasan da aka shirya a makaranta aka ɗauko aka kawo wa manoma bai kai wanda manoma suka shirya da kansu ba.

Haka yake ga zane. Kada mai zane ya zana abin da ya gani a littafin Turawa. Ya je bakin fadama ya duba da idonsa. Rumbun garinsu zai zana, da irin kwalekwalen da masunta suke tuƙawa a nan.

Me za a zana?

Mu ɗauki misali. Manomi ya ci bashi da bazara. Da kaka ta yi, mai bashi ya zo, ya sayar da shanshera da arha. Da damina ta yi tsakiya ya koma kasuwa yana sayen abinci da tsada. Wannan ciwo kowa ya san shi. Mai zane sai ya raba labule biyu. A dama rumbu cike da ɗakin ajiya na ƙungiya. A hagun rumbu a buɗe, ba kome ciki. 'Yan wasa su tsaya gaban wanda labari ya kai.

Wani misali shi ne ambaliya. Kwara a wajenmu yana cika sau biyu: da ruwan damina wajen Agusta zuwa Oktoba, sa'an nan da ruwan da ya taso daga ƙasar Gini, wanda yake isowa da hunturu. Ba mu manta da 2020 ba, lokacin da ruwa ya cinye shinkafa mai yawa a Jihar Kebbi. A zana kogi, a ja jan layi daidai inda ruwa ya kan kai. Bayan wasa sai a tambayi jama'a, gonar wa take ƙarƙashin layin nan, me kuma za a yi?

Kayan aiki

Ba sai an je Birnin Kebbi ba. Ana bukatar akoko yadi 12. Idan faɗinsa yadi ɗaya ne, a yanka shi uku, kowane yadi 4, tela ya haɗa. Za a sami labule mai tsawon ƙafa 12 da tsayin ƙafa 9. Tela ya yi kalmasa sama da ƙasa inda za a zura gora. A wanke shi tukuna domin ya gama tsukewa. Sa'an nan a shafe shi da kokon sitaci mai ruwa-ruwa, a bari ya bushe, domin kada ya shanye launi.

Farar ƙasa tana ba da fari, jar ƙasa ja, gawayi ko baƙin tukunya baƙi, bula kuwa shuɗi. A daka, a tankaɗe, a dama da ruwan ƙaro wanda aka jiƙa tun daren jiya. A gwada a kan ƙyalle. Idan ya bushe aka shafa ya biyo hannu, a ƙara ƙaro. Idan aka lanƙwasa ya tsage, ƙaro ya yi yawa. A tuna launin ƙasa yakan yi haske bayan ya bushe. Fentin mai yana sa zane ya sandare, ga kuma tsada. Wanda ba shi da buroshi ya dandaƙa bakin itace, ko ya ɗaura tsumma a kara.

Gargaɗi: kada a dama launi cikin gwangwani ko jarkar maganin ƙwari, ko da an wanke. Yara ne suke taimako da hannu, hannun kuwa baki yake zuwa.

Yadda a ke mai da ƙaramin zane babba

A sami takarda mai inci 12 da inci 9, a yi zanen a kanta, a nuna wa ƙungiya su yarda. A ja layuka inci ɗaya ɗaya, za a sami gida 108. A shimfiɗa labule a ƙasa. A shafa wa igiya gawayi, mutum biyu su ja ta, na uku ya ɗaga ya saki, layi ya fito. A yi haka ƙafa ɗaya ɗaya, nan ma gida 108. Abin da ke gidan farko na takarda a kwafa a gidan farko na labule, har a gama. Da wannan dabara ko wanda bai taɓa zane ba zai iya ɗaukar gida goma ya cika.

Abubuwa huɗu da za a kiyaye

Na ɗaya, 'yan wasa suna rufe ƙasan labule da jikinsu. Muhimmin abu a sa shi sama ko a gefe.

Na biyu, kada a cika tarkace. Andreas Fuglesang, mutumin Norway da ya gwada hotuna a ƙauyukan Zambiya, ya iske mutane sun fi gane hoto idan an share abin da ke bayansa. Abu uku manya sun fi abu ashirin ƙanana.

Na uku, a gwada kafin ranar wasa. A kira mutum biyar waɗanda ba su ga aikin ba, har da mata da wanda ba ya jin Hausa sosai. A tsai da su taku 30 daga labule, a tambaye su abin da suka gani. Idan an zana ƙwaro suka ce kaza ce, a gyara. Ƙwaro a zana shi bisa zangarniya domin a san girmansa.

Na huɗu, kada a zana fuskar wani sananne, ko a sa wa mugu tufafin wata kabila ko wani addini. Manomi da makiyayi da ɗan kasuwa duk suna cikin masu kallo, gobe kuma za a gamu a kasuwa. A nemi izinin mai gari kafin a kafa gora.

Bayan wasa a naɗe labule a jikin gora, kada a ninke. A rataye shi nesa da gara da yoyo. Ƙungiyar wani ƙauye za ta iya aro.

Kira ga ƙungiyoyi

Littafin Fitowa sura 31 ya ambaci Bezalel, wanda aka ba fasahar aikin hannu domin hidimar jama'arsa. A kowane ƙauye akwai irinsa: macen da take yi wa ɗaki ado, magini, mai sassaƙa ƙwarya, yaron da yake zane a ƙasa da tsinke. Sau da yawa masu kunya ne, ba za su tsaya gaban taro ba. A taronku na gaba ku nemo su. Ku ware kuɗin akoko daga asusu, ku sa rana biyu ta gayya, mata su kawo fura. Mutum shida sun isa. Ranar wasa kuwa shugaba ya kira sunayensu tare da na 'yan wasa.