Yadda Ake Girka VS Code a Kwamfutar Tebur Ba Tare da Asarar Data Ba

Matasa da yawa a waya suke fara koyon kodin, suna bin darussan YouTube suna gwadawa da manhajoji irin su Acode. Amma da zarar aikin ya kai fayil uku ko huɗu, sai allon waya ya yi ƙanƙanta. A nan ne ake komawa kwamfuta, kuma abin da za a fara buƙata shi ne manhajar rubuta kod. Wadda aka fi amfani da ita a yau ita ce Visual Studio Code, ko VS Code a taƙaice, wadda Microsoft ya fitar a 2015. Kyauta ce, kuma tana aiki a Windows, macOS da Linux. Girka ta bai wuce mintuna kaɗan ba, sai dai akwai kurakuran da ke cinye wa sabon shiga data, wani lokaci har da aikinsa.

A duba kwamfutar kafin a sauke

VS Code ba ta da nauyi. Ko da RAM mai 1GB tana tashi, duk da cewa an fi jin daɗinta da 4GB zuwa sama. Matsalar ita ce Windows ɗin da ke kan kwamfutar. Sabuwar VS Code tana buƙatar Windows 10 ko 11 mai 64-bit, domin tun 2022 aka daina tallafa wa Windows 7. Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu sai ya shiga Settings, sannan System, sannan About, ya ga abin da ke kai kafin ya kashe datarsa.

A sauke wadda ta dace

Microsoft yana da manhajoji biyu masu kama da suna. Visual Studio mai tambari ruwan hoda mai duhu babba ce, tana iya cin gigabait masu yawa. Visual Studio Code mai shuɗin tambari ita ake nema, fayil ɗinta bai kai 200MB ba. Adireshinta shi ne code.visualstudio.com, kuma daga nan kaɗai ya kamata a ɗauko ta.

Idan kwamfutar ba ta da intanet, ana iya sauke fayil ɗin da waya. A shafin Download sai a zaɓi User Installer na x64 a ƙarƙashin Windows, a tura shi kwamfuta ta wayar caji ko filash. User Installer ba ya neman izinin Administrator, shi ya sa ya dace da kwamfutar da ake amfani da ita tare da wasu.

Akwatunan da ba a tsallakewa

Bayan an buɗe fayil ɗin an amince da sharuɗɗa, za a zo shafi mai suna Select Additional Tasks. Yawanci ana danna Next a wuce, alhali nan ne muhimmin wurin. A tabbatar akwatin Add to PATH yana da alama, domin shi ke ba da damar buɗe manhajar ta hanyar rubuta `code .` a Terminal. A kuma sa alama a akwatuna biyu na Open with Code, waɗanda ke sa a iya buɗe kowace folda da danna maɓallin dama na linzami. Daga nan sai Install.

Saiti biyu kafin a rubuta komai

Kwamfutar tebur ba ta da batir. Idan aka ɗauke wuta kuma babu UPS, nan take za ta mutu, kuma abin da ba a adana ba yana iya tafiya. Maganin shi ne a shiga File a danna Auto Save, manhajar za ta riƙa adana aiki da kanta.

Na biyu, VS Code tana sauke sabuntawa akai-akai ba tare da tambaya ba. Mai amfani da hotspot na waya sai ya danna Ctrl da waƙafi, ya rubuta Update Mode a wurin bincike, ya mayar da shi manual. Ya riƙa sabuntawa da kansa idan ya samu data mai sauƙi.

Gwajin farko

A ƙirƙiri folda a Desktop, a buɗe ta ta File, Open Folder. Idan manhajar ta tambaya ko an amince da masu foldar, a amsa da eh tunda ta mutum ce. A ƙirƙiri fayil mai suna index.html, a rubuta alamar motsin rai `!` a danna Tab. Ƙashin bayan shafin HTML zai fito gaba ɗaya. A layin `lang="en"` a mayar da shi `lang="ha"`, a bar layin UTF-8 yadda yake, domin shi ke sa ƙ, ɗ da ɓ su fito daidai a burauza.

Domin ganin shafin, a danna Ctrl+Shift+X a nemi Live Server a girka. Duk gyaran da aka adana zai bayyana a burauza kai tsaye.

Abin da VS Code ba ta yi

Manhajar wurin rubutu ce kawai, ba ta zuwa da yarukan kodin a cikinta. HTML, CSS da JavaScript burauza ce ke tafiyar da su, amma mai koyon Python dole ya sauke shi daban daga python.org, ya sa alama a akwatin PATH a shafin farko na girkawa, sannan ya ƙara ƙarin Python na Microsoft a VS Code. Idan Terminal ya ce bai gane kalmar python ba, yawanci wannan akwatin ne aka tsallake.

Kada a cika manhajar da ƙari barkatai, musamman a kwamfuta mai ƙaramin RAM, domin kowane ɗaya yana ƙara mata nauyi. Biyu ko uku sun wadatar da mai farawa.