Yadda Matasan Garwa Ke Tace Lissafin Kuɗin Waya Da 'Rariyar' Kwamfuta

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Garwa zai ga rumfunan tura kuɗi ta waya birjik. Tun da MTN ya kawo wannan harka Kamaru a shekarar 2010, Orange kuma ya biyo baya a 2011, ɗan tireda da mai sayar da kifin Lagdo da ƙungiyoyin manoman auduga duk sun rungume ta. Mu ma a gidajen rediyon al'umma, wani kaso na kuɗin sanarwa da gaisuwa ta nan yake shigowa.

Sai dai kowace shiga da fitar kuɗi tana barin sawu a rubuce, kuma idan wata ya ƙare, mai rumfa kan tarar da dubban layuka a gabansa. A nan ne matasanmu da suka karanci kwamfuta suke shigowa da wata dabara da ake kira rejeks, wadda mu dai muka fi ganewa da sunan rariya. Kai ne za ka faɗa wa na'ura siffar abin da kake nema, ita kuma ta tace rubutun ta fito maka da shi. Alal misali, alamar \d tana nufin lamba guda, idan aka ƙara mata + sai ta kwaso lambobin da ke manne da juna komai yawansu.

Dabarar ba ta yau ba ce. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Stephen Kleene, shi ya aza tubalinta a 1951, sannan Ken Thompson ya shigar da ita aikin kwamfuta wajejen 1968.

To amma fa rariya ba ta da hankali, abin da ka ce mata shi take yi. Ƙasarmu tana aiki da Faransanci da Ingilishi, kuma kowanne da yadda yake rubuta kuɗi. Jaka ashirin da biyar za ta iya zuwa a matsayin 25 000, ko 25.000, ko 25,000. Rariyar da aka ce ta kwaso lambobin da ke manne za ta tsaya a kan 25, ta watsar da sauran. Ke nan mai rumfa zai ga sefa 25, wato dala biyar, a inda ya karɓi jaka 25. Idan yaron shago ne ke riƙe da wayar, kafin a gano bakin zaren an riga an kira shi ɓarawo.

Babbar matsalar kuma ita ce ta bayanan da ke cikin bayanai. Manhajoji da yawa suna adana kundinsu da wani tsari mai suna JSON, inda ake zuba bayani cikin baka, a kuma saka wata bakar a cikinta, tamkar kwanonin jeren amarya, ƙarami cikin babba. Ciniki guda yana iya ɗauke da ainihin kuɗin, da ladan kamfani, da ragowar asusu, da harajin kashi 0.2 cikin ɗari da gwamnati ta ɗora wa turawa da cirewa a watan Janairun 2022, wanda a kan jaka 25 ya kama sefa 50. Dukkansu huɗun za su iya zuwa da suna iri ɗaya, kowanne a cikin nasa kwanon. Rariya ba ta san kwanon da take ciki ba, wanda ta fara cin karo da shi take ɗauka. Wannan ba sakacin mai rubutawa ba ne kaɗai, domin masana sun tabbatar da cewa rejeks na asali ba ya iya ƙirga zurfin bakar da aka buɗe da wadda aka rufe.

Shi ya sa, a ganinmu, raba aikin biyu ya fi. A bar wa rariya aikin waje, wato yanko kwanan wata da lokaci daga farkon layi, sannan a miƙa abin da ke cikin baka ga manhajar da aka ƙera don karanta JSON, kamar jq ko wadda ke cikin Python, waɗanda duk kyauta ne. Matashin da ya nace sai ya yi komai da layi guda don a ce ya iya, yana wasa ne da dukiyar wani. Ko manya ba su tsira ba: ranar 2 ga Yulin 2019 layin rejeks guda ya durƙusar da kamfanin Cloudflare na Amurka har kusan rabin sa'a, shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka daina buɗewa.

Muna kuma jan hankalin masu rumfuna da ma'ajin adashi da kada su jefar da littafinsu na takarda. Kafin a amince da sakamakon na'ura, a ɗauki ciniki ashirin ko talatin a gwada da hannu, a haɗa da na Faransanci da na Ingilishi. A sake gwajin duk lokacin da kamfani ya sauya fasalin saƙonsa. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Nuwamban 2014 lambobin wayar Kamaru suka tashi daga takwas zuwa tara, aka ƙara 6 a gaban na salula. Rariyar da aka saƙa don lamba takwas, ko dai ta tsallake sabuwar lamba gaba ɗaya, ko ta gutsure mata lamba guda ta miƙo sauran.